Farfelar Gwaji da Saita Injin Jirgin Ruwa

Injin da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale, irin wanda masunta da masu fito ke amfani da shi a Tafkin Chadi da Kogin Kwara, ba ya nuna ainihin lafiyarsa sai yana jan nauyi. Bakanike zai iya tayar da shi a cikin ganga, ya ji ƙararsa lafiya lau, amma da an loda jirgi da mutane da buhuna an kai tsakiyar ruwa, sai ƙarfinsa ya faɗi ko ya mutu. A can kuwa babu inda za a raɓe a gyara.

Don maganin wannan ne masu ƙera injuna suka fito da farfelar gwaji. Kalmar farfela aro ce daga Turanci. Harafin p na asali ya koma f, kamar yadda ya faru a fensir da fasinja. Farfelar gwaji tana kama da ta yau da kullum, sai dai an ƙera ta yadda za ta sha ƙarfin inji ba tare da ta tura ruwa baya sosai ba. Wato injin yana wahala kamar yana tafe da jirgi, alhali yana tsaye wuri guda a tankin gwaji.

Farfela ta yau da kullum ba ta iya wannan aiki. In aka buɗe totur da ita a tanki, takan watsar da ruwa waje, ta shiga juyawa cikin kumfa, nauyi ya ɓace, gudun inji ya wuce ƙa'ida. Cire farfelar gaba ɗaya ya fi haka muni.

Bakanike yakan zare hular fulogi tukuna don kada inji ya tashi hannunsa na kan farfela. Sa'an nan ya kwance ta jirgi, ya ɗaura ta gwaji, ya cika tanki har ruwa ya rufe ƙofofin da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa, domin robar famfon takan ƙone nan da nan in ta juya a bushe. Bayan inji ya yi ɗumi, sai ya sa giyar gaba, ya buɗe totur duka na ɗan lokaci, yana duban agogon da ke ƙirga juyi. Yamaha Enduro mai doki 40, alal misali, an tsara shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya in an buɗe totur duka. Kowane samfuri da farfelar gwajinsa, kuma littafin gyara yana faɗin adadin da ya kamata a gani da ita.

A nan ne ake duba lokacin tartsatsin fulogi da yadda kafireto ke ba da mai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga inji mai bugu biyu wanda ake gauraya baƙin mai a fetur ɗinsa: in fetur ya yi ƙaranci, baƙin man ma ya ragu ke nan, fistin ya yi zafi har ya lalace.

Babban amfaninta shi ne raba gardama. In inji ya kai adadin juyinsa da farfelar gwaji amma ya kasa a kan kogi, to laifin ba nasa ba ne. Sai a duba farfelar jirgin, ko yawan kaya, ko yadda aka ɗaura injin a bayan kwalekwalen.