Cin abinci cikin jirgin ruwa: kai kaɗai ko tare da baƙi?

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Jirgin ruwan da muka saba gani shi ne kwalekwalen da ke bisa kogin Isa, a Yamai ko a Gaya. Wanda ya taɓa zuwa Kotonu ko Lome kuwa, ya ga manyan jiragen da ke ɗauko kaya daga ƙasashen waje. To, akwai wani irin jirgi na dabam. Shi ba kaya yake ɗauka ba, mutane yake ɗauka, su ma ba don fatauci ba, don hutu kawai. Ana ce masa jirgin yawon shaƙatawa.

Mai karatu, yau za mu shiga wannan jirgi, mu duba wata magana wadda ke damun masu shigarsa. Maganar ita ce: in lokacin abincin dare ya yi, da wa za ka zauna?

Gari guda bisa ruwa

Bari mu fara da girman jirgin, don ka gane inda maganar ta fito. A shekarar 2024 wani jirgi mai suna Icon of the Seas ya fara aiki daga birnin Mayami na ƙasar Amurka. Tsawonsa ya kai metir 365. Yana iya ɗaukar matafiya har 7600, ban da ma'aikata fiye da 2000. Ka ga ke nan, gari ne guda yake tafiya bisa ruwa. Akwai ɗakunan kwana, da kantuna, da wurin wasan yara, da likita.

Irin waɗannan jirage suna da yawa a tekun Karibiyan, kusa da Amurka, da kuma tekun Bahar Rum, inda suke tashi daga birane kamar Marsai ta Faransa da Barsalona ta Ispaniya. Tafiyar takan ɗauki kwana 7. Da dare jirgi yana tafiya, da safe ya tsaya a wani gari, mutane su sauka su yi kallo, da marece su komo.

Kuɗin abinci yana cikin kuɗin tikiti. Amma ciyar da dubban mutane a dare ɗaya ba wasa ba ne. Babban ɗakin cin abinci ba ya ɗaukarsu duka a lokaci guda. Shi ya sa aka raba su kashi biyu. Kashi na farko su ci wajen ƙarfe 6 na marece, kashi na biyu su ci bayan ƙarfe 8 na dare. Kowa an ba shi lambar teburinsa. Wannan teburi shi ne naka tun daga daren farko har na ƙarshe.

Teburan ba girmansu ɗaya ba. Akwai na mutum 2, na 4, na 6, na 8, har na 10. Ƙananan ba su da yawa, domin suna cin wuri. In kai da matarka ne kaɗai, kuma ba ku ce komi ba, ana iya haɗa ku da mutanen da ba ku taɓa gani ba.

Ina wannan al'ada ta fito?

Kafin jirgin sama ya yawaita, da jirgin ruwa ake ƙetare teku daga Turai zuwa Amurka. A lokacin, wurin cin abincinka ya danganta ga kuɗin da ka biya. Jirgin Titanic, wanda ya nutse a 1912, aji uku ne a cikinsa. Masu kuɗi suna da ɗakin cinsu mai ado. Talakawa kuwa, a dogayen tebura suke zama, kafaɗa da kafaɗa.

Har yanzu da sauran wannan tsari. Jirgin Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, yana tafiya tsakanin Ingila da birnin Niyok. A cikinsa, irin ɗakin kwanan da ka kama shi ke nuna ɗakin da za ka ci abinci.

A shekarar 2000 wani kamfani mai suna Norwegian Cruise Line ya kawo sabon tsari. Ya ce kowa ya ci a lokacin da ya ga dama, da wanda ya ga dama. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau a jirage da yawa zaɓi yana hannunka.

Cinsu da namu ba ɗaya ba ne

Kila ka ce: mene ne abin damuwa? Ai mu kullum da baƙi muke ci. Gaskiya ne. A tasha, ko wurin biki, ko ranar kasuwa, mutum ya wanke hannu ya sa cikin kwano tare da wanda bai sani ba. Kuma mun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi.

Amma ka lura da bambanci. Mu kwano muke haɗawa, ba mu cika surutu bisa abinci ba. In an gama, kowa ya yi hamdala ya tashi. Su kuwa can, kowa da farantinsa, ba mai taɓa na wani. Abin da suke haɗawa shi ne hira. Ana kawo abinci kaɗan-kaɗan: na buɗe baki, sannan babban abinci, sannan kayan zaƙi. Zaman yakan kai awa ɗaya da rabi, ko biyu. Duk tsawon lokacin nan ana magana. Za a tambaye ka daga ina kake, wane aiki kake yi, ɗiyanka nawa. Maza da mata a teburi ɗaya suke.

Lissafa da kanka: awa 2 sau dare 7, awa 14 ke nan. Abinci iri ɗaya ne a kowane teburi, kuɗi ma ɗaya ne. Ashe abin da kake zaɓe a nan shi ne abokan zama.

Amfanin zama da baƙi

Tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ya zauna a babban teburi yana jin labarin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Wani ya riga ya san garin da jirgi zai tsaya gobe. Zai gaya maka inda kasuwa take, da inda ake cutar baƙo. Kai ma za ka ba su labarin ƙasarka, domin da yawa cikinsu ba su san bambancin Nijar da Nijeriya ba.

Ga wanda ke tafiya shi kaɗai, babban teburi magani ne. Mutum yana iya jin kaɗaici ko da yana cikin dubban jama'a. In ya san da dare akwai mutum 7 da za su tambaye shi yaya ya wuni, hankalinsa ya kwanta. Akwai waɗanda suka haɗu a haka, zumunci ya ɗore shekara da shekaru.

Kuma teburin mutum 8 ya fi na mutum 4 sauƙi. In ku huɗu ne, jininku bai haɗu da mutum biyun nan ba, ba ka da wurin juyawa. In ku takwas ne, da wuya ka rasa ko mutum ɗaya da za ku fahimci juna.

Wahalar zama da baƙi

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ana iya haɗa ka da mai surutun da ba ya barin kowa ya yi magana. Ana iya haɗa ka da mai son gardamar siyasa ko ta addini. Wani kullum a makare yake zuwa, ku kuwa kuna zaune da yunwa, domin sau da yawa mai kawo abinci yakan jira teburi ya cika.

Akwai maganar harshe. In faransanci kake ji, aka zaunar da kai cikin masu ingilishi ko italiyanci, ka zama kurma har kwana 7.

Akwai kuma maganar abin da ake ci da abin da ake sha. A waɗannan jirage ana dafa naman alade, ana kuma shan giya bisa teburi. Ba mai tilasta maka, amma na kusa da kai zai sha abinsa. In ganin haka yana damunka, gara ka sani tun da wuri.

Teburinka kai da naka

Wanda ya samu ƙaramin teburi ya huta da duk wannan. Ango da amarya suna son su yi hirarsu. Mai ƙananan yara ba ya son kukan ɗansa ya dami wasu. Tsoho mai ciwon kunne ba ya jin magana cikin hayaniya. Wani kuwa aikinsa na kullum magana ce da jama'a, ya zo ne don ya yi shiru. Ana kuma gama ci da sauri, tunda ba a jiran kowa.

Lafiya ma tana ciki. A watan Fabrairu na 2020 aka gano cutar korona cikin jirgin Diamond Princess. Aka tsare shi a tashar Yokohama ta ƙasar Japan. Cikin mutum kamar 3700, fiye da 700 suka kamu. Aka hana cin abinci tare, kowa a ɗakinsa ake kai masa. Wannan ya nuna yadda ciwo ke saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe. Ko a wane teburi ka zauna, wanke hannu da sabulu kafin ka ci.

Sai dai kada ka zaci ƙaramin teburi ɗaki ne mai ƙofa. Sau da yawa ana jera su kusa da kusa, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Na gefenka yana jin duk abin da kake faɗi. Kuma in kai da abokin tafiyarka hira ta ƙare muku, dare 7 yana da tsawo.

Yadda ake nema

Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da mai shiga jirgi ya kamata ya yi:

1. Ya faɗi irin teburin da yake so tun ranar da ya sayi tikiti. Roƙo ne, ba alkawari ba, amma wanda ya riga nema ya fi samu.

2. Ya faɗi harshen da yake ji, don a haɗa shi da masu jinsa.

3. Ya faɗi abin da ba ya ci. In abincin halal yake so, ya sanar da kamfani makonni kafin tafiya. Kifi da kayan lambu kuwa, kullum akwai su.

4. Ranar da ya shiga jirgi, ya duba lambar teburinsa. In bai yi masa ba, ya je wurin shugaban ɗakin abinci ya nemi canji. Aikinsa ne, kuma ba abin kunya ba ne.

5. In ya ci dare ɗaya da mutanen, ya ga zama ba zai yiwu ba, ya nemi canji a asirce, ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Akwai kuma hanyar tsakiya. Kusan kowane babban jirgi yana da wurin da aka jera abinci, kowa ya ɗebi abin da yake so ya zauna inda ya samu. Akwai wasu ƙananan gidajen abinci a ciki, inda za a ba ka teburinka, amma su sai ka ƙara kuɗi. Haka mutum zai iya cin yau da jama'a, gobe shi da iyalinsa.

To, mai karatu, ka ga babu zaɓin da ya dace da kowa. Mai son jama'a ya nemi babban teburi, mai son shiru ya nemi ƙarami. Kowa ya san halinsa, ya kuma buɗe baki ya faɗa tun jirgi bai tashi ba. In kuwa ka samu kanka cikin baƙi, fara da gaisuwa da sakin fuska, domin su ma baƙo suke ganinka.

Tambayoyi

1. Don me ake raba masu cin abinci kashi biyu cikin jirgi?
2. Mene ne bambancin cinmu tare da nasu?
3. Don me teburin mutum 8 ya fi na mutum 4 sauƙi?
4. In kai ne, wane teburi za ka nema? Rubuta dalilinka cikin layi uku.