Taurin Kai da Bangaskiyar Kirista: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya taka gonakin Jazira a ƙasar Sudan da rani ya san baƙar lakar wurin. Takan bushe ta dare, ka kai mata fartanya ta yi tsalle ta dawo maka. Amma wannan ƙasa ce ta riƙa cika masaƙun Ingila da auduga tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, kuma hannun Hausawa ya tsinki mai yawa daga cikinta. Ba ƙasar aka sauya ba, ruwa aka sakar mata. Ita nake tunawa idan ana karanta misalin mai shuka, inda irin da ya faɗi a kan hanya ya rasa wurin shiga, tsuntsaye suka tsince.

Ba kowace tsayuwa ce taurin kai ba

Sai an share wannan tukuna, domin wasu masu wa'azi sukan laƙaba kalmar ga duk wanda bai karɓi saƙonsu ba. Wannan rashin adalci ne. Hausawan garin Mai Wurno da ƙauyukan gaɓar Shuɗin Nilu Musulmi ne. Kakannin da yawansu sun bar gida ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, da ƙafa, don kada su zauna ƙarƙashin Turawa. Wanda ya bar gonarsa da kushewar iyayensa saboda abin da ya gaskata, tsayin daka ya yi. Kirista ma yana girmama Daniyel ne saboda irin wannan tsayuwa.

To ina bambancin? Mai tsayin daka yana jin magana, ya auna ta, ya faɗi dalilinsa. Mai taurin kai ya gama yanke hukunci tun ba ka buɗe baki ba. Abin da yake karewa girmansa ne.

Da wa Littafi Mai Tsarki yake?

Fir'auna kowa ke fara ambata. Amma idan ka bi sawun kalmar, za ka tarar 'yan gida ta fi faɗawa. A Fitowa sura 32, mutanen da suka ƙetare teku da ƙafarsu, su ne suka ƙera ɗan maraƙin zinariya, su kuma aka kira masu taurin kai. A Markus sura 3, cikin majami'a ne, ran Asabar, Yesu ya yi baƙin ciki da taurin zuciyar Farisiyawa, waɗanda suka gwammace mai shanyayyen hannu ya koma gida da ciwonsa. A sura 8, almajiransa na kusa ya tuhuma da wannan ciwo.

Abin ya kamata ya tayar mana da hankali. Wanda ya shekara talatin yana zama a bencin gaba ya fi sabon tuba shiga wannan haɗari.

Yadda yake shiga

Ba ya zuwa da sunansa. Yakan zo da rigar “haka muka tarar”, ko “ni za a koya wa?”, ko “na yafe amma kada ya ƙara taka ƙofata”. Ka ga dattijo biyu a ikkilisiya ɗaya, suna karɓar Jibin Ubangiji daga faranti ɗaya, amma shekara biyar ba gaisuwa saboda iyakar gona. Ka ga mai jin wa'azi yana raba shi: wannan na matarsa, wancan na maƙwabcinsa, shi bai ɗauki ko loma ba.

Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, saura ƙiris ya koma da kuturtarsa don an ce ya yi wanka sau bakwai a Urdun, shi kuwa yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi. Barorinsa ne suka lallashe shi. Maganar da za ta cece ka sau da yawa daga bakin na ƙasa da kai take fitowa, nan kuwa kunnen ƙashi ya fi ƙarfi.

Abin da ya faru a Onica

Masu kai bishara ma ba su tsira ba. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, ya zama bishop na farko baƙar fata a cocin Angilika a 1864, ya yi shekaru yana aiki a gaɓar kogin Kwara. A 1890, a wani zama a Onica, wasu samarin mishan daga Ingila, masu ɗokin isa ƙasar Hausa, suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa, suka ƙi sauraron dattijon da ya kusa jika da su. Ya rasu a Legas a ƙarshen 1891. Samarin masu addu'a ne, masu sadaukarwa, biyu daga manyansu ma a Lokoja suka mutu. Sai dai sun tabbata cewa su kaɗai ke jin muryar Ruhu, kuma rabuwar da ta biyo baya ta daɗe tana yi wa ikkilisiya ciwo. Wannan nau'in ya fi ba ni tsoro, domin mai shi yana ɗauka himma ce.

Mutumin da ya ce bai gane ba

Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin ma'ajin sarauniya Kandake. Kandake sarauta ce ta matan gidan mulkin Meroe, a gaɓar Nilu arewa da Khartum, wato cikin Sudan ta yau. Ma'ajin babban mutum ne, dukiyar ƙasa a hannunsa, yana cikin karusarsa yana karanta littafin Ishaya. Sai ga wani matafiyi a ƙasa, Filibus, ya tambaye shi ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Wani mai muƙami da ya sa a kore shi. Shi kuwa ya amsa cewa yana bukatar mai yi masa bayani, ya matsa ya ba baƙon wurin zama. Da suka iso wani ruwa a hanyar Gaza, shi da kansa ya nemi baftisma, ya sa aka tsayar da karusar, suka gangara tare.