Yadda Ake Lissafin Maki a Ƙwallon Kwando: Ranar da Matan Nijeriya Suka Doke Ostireliya

  Wata baiwar Allah daga Ajingi ce ta aiko mana da saƙo, ta ce tana jin ana cewa matan Nijeriya sun ci wata ƙasa 75 da 62 a ƙwallon kwando, alhali ita a saninta wasan ƙwallo ɗaya da nema ne ko biyu da ɗaya. Ta ce 'yarta ta tambaye ta yadda ake kai wa saba'in, ta rasa amsa. To uwargida, gyara zama, yau za mu warware wannan lissafi.

Da farko, ƙwallon kwando da hannu ake yin ta. Kowane ɓangare 'yan wasa biyar ne a cikin fili. A kowane gefe akwai wani zobe mai raga da aka kafa a sama, tsayinsa daga ƙasa ya ɗan haura mita 3, shi ne kwandon. Ana wasan zango huɗu, kowane zango minti 10. Duk ƙungiyar da ƙwallo ta shiga hannunta, daƙiƙa 24 kawai gare ta ta yi jifa, shi ya sa ake ta kai-komo, maki yana ta taruwa.

Makin kuwa iri uku ne. In 'yar wasa ta jefa daga kusa ta shiga, maki 2 ne. In ta tsaya bayan wani layi da aka zana kamar baka, mai nisan mita 6.75 daga kwando, ta jefa ta shiga, maki 3 ne. In kuma an yi mata keta, alƙalin wasa kan ba ta jifan kyauta, babu mai tare ta, kowane ɗaya maki 1. Kamar dai mai ƙuli-ƙuli ce da ke da ƙulli babba da matsakaici da ƙarami, da yamma a haɗa a ga abin da aka samu.

Yanzu bari mu je ga wasan. Ranar Litinin 29 ga watan Yuli, 2024, a gasar Olamfik ta Faransa, ƙungiyar matan Nijeriya da ake kira D'Tigress ta kara da ta Ostireliya a wani babban zaure kusa da birnin Lille. A lokacin Ostireliya ce ta 3 a duniya, Nijeriya ta 12. Ƙari a kan haka, rabon matanmu da cin wasa a Olamfik tun 2004 a ƙasar Girka, inda suka doke Koriya ta Kudu 68 da 64. Shekara 20 cif ke nan.

Ga yadda makin ya kasance zango-zango. Na farko, Nijeriya 18, Ostireliya 17. Na biyu, 23 da 11. In kika haɗa, an tafi hutu muna da 41 suna da 28, tazarar 13 ke nan. A zango na uku sai reshe ya so ya juye da mujiya, matanmu suka ci 10 kacal, su kuwa suka ci 19, tazara ta dawo 4. A na huɗu matanmu suka farfaɗo, 24 da 15. Lura da wani abu a nan: bayan dawowa daga hutu, kowane ɓangare maki 34 ya ci, kunnen doki. Ashe tazarar 13 da aka tara kafin hutu ita ce ta kai mu gaci. Wanda ya ji 75 da 62 kawai ba zai san wannan ba, sai wanda ya duba takardar ƙididdiga.

Mece ce takardar ƙididdiga? A gefen fili akwai ma'aikata zaune a tebur, aikinsu rubutu, tamkar uwar adashi da littafinta. Kowace 'yar wasa tana da layinta: minti nawa ta yi, jifa nawa ta gwada, nawa suka shiga, keta nawa ta yi, domin in ta yi biyar an fitar da ita ke nan.

A wannan rana Ezinne Kalu ce ta fi kowa, maki 19, kuma 17 daga ciki kafin hutu ta ci su. Jifanta huɗu na farko daga bayan layin nan mai nisa duk sun shiga, huɗu sau uku, 12 ke nan. Promise Amukamara ta ci 14, Amy Okonkwo 13, sai Murjanatu Musa 11. Haɗa su za ki samu 57. Saura 18 kuma sauran 'yan wasan ne suka kawo. Cire wannan 18 daga 75, sai ki ga da Ostireliya ce ta yi nasara da 62 a kan 57. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takardar ba maki kaɗai take ƙirgawa ba. Akwai gurbin wadda ta miƙa wa 'yar uwarta ƙwallo har ta ci. Akwai na wadda ta cafke ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo. Akwai na wadda ta ƙwace daga hannun abokiyar karawa. Sai kuma gurbin da ba wadda ke son ganin sunanta a ciki, ni ɓari nake kiransa, wato ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiya tun ba ta kai ga jifa ba. A nan aka kama Ostireliya, sau 26 suka yi ɓari. Sannan an ba su jifan kyauta 18, guda 8 kawai suka shiga, maki 10 suka bi ruwa a wasan da aka ci su da tazarar 13. Ba ƙwarewa suka rasa ba, domin su ne suka zo na uku a gasar. Yoyo ne ya yi musu yawa a ranar.

Daga nan matanmu suka sha kashi a hannun Faransa 75 da 54, suka doke Kanada 79 da 70, inda Kalu ta ci 21. In kin ji an ce matsakaicin maki, ga yadda ake yi: 19 da 21 sun zama 40, a raba gida biyu, 20 ke nan a wasanni biyun da aka ci. Da wannan nasara suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ta tsayar da su 88 da 74, amma mai horar da su, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa a gasar. A 2025 kuma suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan, bayan sun doke Mali 78 da 64.

Na san wata za ta ce ina batun sutura? A 2014 matan ƙasar Katar sun janye daga gasar Asiya saboda an hana su wasa da lulluɓi. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sauya dokar, ta amince a rufe kai a yi wasa.

Uwargida, ko da ba ki taɓa ganin filin wasa ba, wannan takarda ta shafe ki. Da yawanmu masu man gyaɗa da ɗinkin hula da ƙosai, cinikin da ya shigo kawai muke ƙirgawa. Bashin da maƙwabciya ta karɓa, da wanda yara suka ɗanɗana, da canjin da ya ɓata a hanya, ba ma sa su a lissafi, sai jari ya karye mu ce baki ne. Ki sami littafi na rubutu, ki sa 'yarki 'yar makaranta ta ja layi biyu, ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na ɓari. Ki gwada mako huɗu, ki aiko mana da abin da kika gani. Ke kuma ta Ajingi, ki ba 'yar taki lambobin nan na zango huɗu ta haɗa da kanta.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.