Yadda Matan Ƙauyukan Turkiyya Suka Farfaɗo Da Saƙar Darduma

Yawancin dardumar da muke gani a kasuwa yau inji ne ya saƙa ta. Amma a Turkiyya da Iran da Afganistan har yanzu ana yin ta gashin tumaki da hannu, ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. A shekarar 1949 an tono wata darduma a wani kabari a ƙasar Siberiya, wadda aka saƙa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ƙullinta kuwa ya haura miliyan 1.

Ga yadda ake yi. Da farko a yanke gashin tumaki, a wanke, a shaƙe, a kaɗa shi ya zama zare, sa'an nan a rina. Sai a ja zaren tsaye a kan masaƙa. Mai saƙa ta ɗauki zaren rini ta naɗa shi a kan zaren tsaye biyu, ta ja, ta yanke da wuƙa. In layi ya cika, sai ta gitta zare a kwance, ta daddanne da matsefin ƙarfe, ta daidaita gashin da almakashi. Gwana takan yi ƙulli dubbai a yini guda, duk da haka darduma ɗaya takan ci watanni.

Me ya kusa kashe sana'ar a ƙauyukan Turkiyya? Rini ne. Bayan 1856, da aka fara yin rinin kanti a Ingila, masaƙa suka riƙa barin saiwoyi da ganyayen da kakanninsu suka sani. Rinin kantin yana da araha da sauƙi, amma mai arahar yakan koɗe ko ya zuba. Darduma ta rasa daraja, wahalar watanni ta koma ƙaramin kuɗi.

A 1981 wani malamin kimiyya Bajamushe, Harald Böhmer, wanda ya bincika launin tsofaffin dardumomi, ya fara koya wa mutanen ƙauyukan Ayvacık rinin dā. Ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga furannin daji, shuɗi daga shuni, wanda marinanmu na Ƙofar Mata a Kano suka sani sarai. Ana sa alam don launi ya kama. Shirin, mai suna DOBAG, ya samu goyon bayan Jami'ar Marmara. Masaƙan suka kafa ƙungiyar gama kai, aka kuma riƙa duba kowace darduma kafin a sayar a ƙasashen waje. Da haka kuɗi ya riƙa shiga hannun iyalin da suka yi aikin.

To, masu karatu, abin lura a nan shi ne, ba inji aka kawo wa matan nan ba. Ilimin da ya ɓace ne aka maido, suka kuma haɗa kai wajen sayarwa. Duk inda muke da masaƙa da marina, ya kamata mu tambayi tsofaffinmu abin da suka sani tun suna tare da mu.