'Yan'uwa Mata Biyu Cikin Anko

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Gidimuni ko Zinder ya san abin da anko ke yi wa ido. Da zarar mata sun shigo da zane iri ɗaya, kallo ya bar kaya ya koma kan fuska. Dabarar da Théodore Chassériau ya yi ke nan a 1843, da ya zana yayarsa Adèle da ƙanwarsa Aline da fentin mai. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a Paris, amma ko a waya mutum ya nema zai gan shi.

Su biyun a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa. Riga iri ɗaya, gyaran gashi iri ɗaya da tsaga a tsakiya, kowace da jan mayafi, bayansu koren bango. Kallon farko sai ka ce tagwaye ne, alhali Adèle ta ba Aline shekara 12. To, a dakata a nan. A duba idanu, a duba yadda kowace ta riƙe bakinta, sannan a sauko kan hannun da ɗaya ta saƙala a damtsen 'yar'uwarta. Ba murmushi, ba wanda ya ce su saki fuska, kuma ni a ganina nan ƙarfin zanen yake. Mutumin da ya tashi gida ɗaya da su ne ya zana su, bai ga dalilin yi musu kwalliyar ƙarya ba.

Jan nan da koren nan ba haka kawai suka haɗu ba. Masu zane sun san in an jera su, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa haske. Chassériau ya shiga hannun mai zane Ingres tun yana ɗan shekara 11, wurinsa ya koyi tsabtar layi, wadda ake gani a yatsu da gefen fuska. Zafin launi kuwa daga Delacroix ya ɗauko, jagoran masu fifita motsin zuciya a zane. Malaman biyu ba sa ga maciji da juna, almajirin ya haɗa su a ƙyalle ɗaya yana ɗan shekara 23.

A 1846 Chassériau ya tafi Aljeriya, daga nan mutanen birnin Constantine da dawakansu suka riƙa fitowa a aikinsa, har ya rasu a 1856.