Mene ne Gwajin Kotizol ga Masu Taɓin Hankali?

Kotizol sinadari ne da wasu 'yan gaɓoɓi biyu da Allah Ya ɗora a bisa ƙoda suke zubawa cikin jini, musamman sa'ad da mutum ya shiga firgici ko ƙunci. Idan ya wuce haddi, kamar a cutar da likita Harvey Cushing na Amurka ya bayyana a 1932, sai fuska ta kumbura, ciki ya yi teɓa, sa'an nan baƙin ciki da rashin barci su lulluɓe majiyyaci, har a zaci taɓin hankali ne zalla, alhali kuwa asalin illar a jiki take.

Domin a bambance, likita yakan ba da ƙwayar dezametazon miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. Ga mai lafiya kotizol yakan sauka ƙwarai. In ya ƙi, sai a zurfafa bincike.

Amma gwajin ba hujja ce yankakkiya ba, domin matsanancin baƙin ciki, da shan giya, da wasu magungunan farfaɗiya suna iya rikita sakamakon. Wajibi ne dangin majiyyaci su shaida wa likita duk maganin da yake sha.