Ruwan da Aka Bari a Kogi, Na Wane Ne?

A cikin kwazazzabon Glenwood da ke jihar Kolorado a Amurka, inda kogin Kolorado ya tsaga duwatsu ya wuce, akwai wata tsohuwar tashar wutar lantarki mai suna Shoshone. Tun 1909 take aiki, kuma wutar da take bayarwa ba ta wuce megawat 15 ba, abin da bai taka kara ya karya ba a ƙasa irin Amurka. Duk da haka, a watan Disamba na 2023 hukumar da ke kare ruwan yammacin jihar ta ƙulla ciniki da kamfanin Xcel Energy, mai tashar, a kan kusan dala miliyan 99. Ginin da injinan za su ci gaba da zama a hannun kamfanin. Abin da hukumar ke son saya shi ne haƙƙin ruwan tashar, wanda takardarsa ke ɗauke da shekarar 1902.

Kafin mutum ya gane abin da ya sa tsohuwar takarda ta kai wannan tsada, sai ya san yadda ake rabon ruwa a yammacin Amurka. Yankin ƙasar fari ne, ruwan sama kaɗan ake samu, koguna kuma da narkewar dusar ƙanƙarar duwatsu suke rayuwa. Masu haƙar zinariya da manoman da suka zauna can a ƙarni na 19 su suka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: wanda ya riga jan ruwa daga kogi ya yi aiki da shi, shi ke gaba. Tsarin mulkin jihar na 1876 ya amince da haka, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar a 1882. Kowane haƙƙi yana da adadinsa, da wurin ɗiba, da aikin da za a yi da ruwan, da shekararsa. In ruwa ya yi ƙaranci ba a raba asara daidai wa daida. Mai tsohuwar takarda zai ɗebi nasa cif, mai sabuwa kuwa jami'in ruwa zai zo ya rufe masa ƙofar magudanarsa, ko da gonarsa ce a saman kogi, yana ji yana gani ruwa na wucewa.

Akwai wani sharaɗi a cikin ƙa'idar da ya cuci koguna shekara kusan ɗari. A lokacin, ba a ba mutum haƙƙi sai in ya fitar da ruwan daga kogi, ya kai shi gona ko gari ko ma'adina. Ruwan da aka bari yana gudu a hanyarsa ba shi da mai shi, duk wanda ya zo ƙarshe yana iya neman a rubuta masa shi. Kifi da mai kwale-kwale, waɗanda buƙatarsu ita ce ruwa ya zauna a kogi, ba su da wurin tsayawa a gaban alƙali.

Shoshone ta shiga tsakani ne ba tare da an shirya ba. Tashar tana tare ruwa da ƙaramar madatsa, ta bi da shi ta rami kusan kilomita 4 a cikin dutse, ya juya injina, ya koma kogi bai ragu ba. Haƙƙinta na 1902 ya kai kimanin lita 35,000 a kowane sakan, ga ƙarin lita 4,500 na 1929. To, jihar Kolorado a rabe take: yawancin ruwanta a yammacin duwatsun Roki yake sauka, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta kuma a gabas suke, wajen birnin Denver. Saboda haka aka huda duwatsu da manyan ramuka ana tsallakar da ruwa gabas, kuma yawancin takardun waɗannan ramukan ƙannen na Shoshone ne. Daga ƙarshen watan Yuli, in ƙanƙara ta gama narkewa kogi ya ja baya, sai tashar ta kira ruwanta. Dole masu ramukan su rage ɗiba, ko su saki madadinsa daga tafkunan ajiya irin su Green Mountain. Ruwan da aka kira ya yi tafiya mai nisa a cikin kogi kafin ya iso tashar, ya kuma ci gaba da gangarawa bayanta, kowa na kan hanya ya amfana.

Na farkon masu amfana a nan ƙasan tashar suke. Da zarar ruwan ya koma kogi sai ya faɗa wani gangare mai manyan duwatsu, yana tafasa yana kumfa fari fat. Kullum da rani motoci na sauke 'yan yawon buɗe ido a wurin, kowa da hular kwano da rigar hana nutsewa, mutum shida ko takwas a jirgin roba ɗaya, matuƙi a baya yana ba da umarni da ƙarfi don muryarsa ta fi ƙugin ruwa. Wannan sana'a ce ta ci da iyali, kuma ma'aunin ruwa ne jarinta. In ruwa ya isa, jirgi zai hau igiya ya sauka, ya bi ta kan duwatsun da ke ƙasa bai taɓa su ba. In ya ragu, duwatsun nan su fito fili, jirgi ya maƙale, matuƙi ya sauka yana turawa, kafin a ce haka baƙi sun soke zuwa, masu otal da masu abinci na garin su ji a jikinsu.

Kifi ma yana jin ragin, amma nasa ya fi muni. Ruwa mara zurfi saurin ɗaukar zafi gare shi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar numfashi sosai. Kifin tirawut, wanda masu ƙugiya ke so, yana fara galabaita in zafin ruwa ya kai wajen maki 21 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, har hukumar namun daji ta jihar ta kan roƙi mutane su daina kamu da rana. Can ƙasa kuma, daga Palisade zuwa Grand Junction, akwai wani yanki na kilomita 24 da manyan magudanan noma ke tatse wa ruwa. Yankin na daga cikin matsugunan nau'o'in kifi huɗu na asalin kogin da ke fuskantar ƙarewa, waɗanda aka kafa shiri na musamman don ceto su a 1988.

Raunin wannan kariya shi ne a kan tsoffin injina ta rataya. Doka ta ce tashar ba ta iya kiran ruwan da ba za ta yi aiki da shi ba. A 2007 babban bututunta ya fashe, ta daɗe a tsaye, kuma tun daga nan ta sha tsayawa don gyara. A 2016 manyan masu ɗiba suka sa hannu cewa za su riƙa sakin ruwa kamar tashar na aiki ko da ta tsaya, amma alkawarin na wa'adi ne, takarda kuwa ba ta da wa'adi muddin ana amfani da ita. In aka yi shekara goma ba a yi amfani da haƙƙi ba, doka na iya ɗauka an yi watsi da shi.

Hanyar fita ta samo asali ne daga wata doka ta 1973, wadda ta yarda a karon farko cewa barin ruwa a kogi don kare halittu amfani ne halastacce. Sai dai hukumar ruwa ta jiha ce kaɗai aka ba ikon riƙe irin wannan haƙƙi, kuma duk wanda ta rubuta sabo ƙarami ne a layi, bayan na manoman 1880 da na biranen 1930. A shekarar fari, lokacin da kifi ya fi buƙata, shi ake fara rufewa. Dabarar cinikin Shoshone ita ce a sayi tsohuwar takardar, a je kotun ruwa a ƙara mata aiki na biyu, wato zaman ruwa a kogi, ba tare da ta rasa shekararta ta 1902 ba. In an yi haka, ko injinan sun mutu kiran yana nan.

Masu kwale-kwale sun bi tasu hanyar. Garin Golden ya jera duwatsu a rafin da ya ratsa shi ya yi filin wasan ruwa a 1998, ya ce wa kotu waɗannan duwatsun suna sarrafa ruwa kamar yadda madatsa ke yi, a ba shi haƙƙi. Ya samu, kuma a 2001 majalisar jiha ta yi doka da ta ba ƙananan hukumomi wannan dama, da iyakoki.

Ana yawan haɗa mai kwale-kwale da kifi kamar buƙatarsu ɗaya ce. A kan hana kogi ƙafewa bakinsu ɗaya, amma daga nan hanya ta rabu, kuma kogin Arkansas, a ɗaya gefen duwatsun, shi ya fi nuna haka. Yana cikin kogunan da aka fi hawa da jirgin roba a duk Amurka, kuma a 2014 aka sa kusan kilomita 164 nasa a sahun farko na wuraren kamun tirawut a jihar. Matuƙa suna son ruwa mai yawa har ƙarshen hutun makaranta. Masanan kifi kuwa sun gano cewa tirawut ɗin kogin ya fi ƙiba a ruwa matsakaici, domin in gudu ya yi ƙarfi, abin da ya ci a wajen kokawa da ruwa yake ƙarewa.

Rayuwar kifin ma a kan kalanda take. Tsakanin Oktoba da Nuwamba macen ke share gurbi a cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ƙwan zai kwana a nan duk lokacin sanyi, ruwa na ratsa tsakuwar yana kai masa iska. In ta yi gurbin a bakin gaɓa lokacin da ruwa ke sama, daga baya aka rage, gurbin zai bushe ko ya daskare. A watan Afrilu da Mayu 'ya'yan ke fitowa, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, in aka saki ruwa da ƙarfi a lokacin ya kwashe su.

Tun 1990 hukumomin madatsun ruwa da na namun daji da ƙungiyoyin matuƙa da na masu ƙugiya suka zauna suka raba shekara. Daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta ana ƙoƙarin riƙe kusan lita 20,000 a sakan a ma'aunin Wellsville don jirage. Bayan nan a sauke, kifi ya samu ya ci ya yi ƙarfi kafin zuban ƙwai. Duk shekara ba a so ya gaza lita 7,000, daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Mayu kuma ana ƙoƙarin kada ya wuce 11,000. Ƙari ko ragi a hankali ake yi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sabon ruwa aka nemo ba. Ruwan dama za a gangara da shi daga tafkunan sama zuwa tafkin Pueblo don birane da gonaki, lokacin gangarawar kawai aka sauya. Sai dai yarjejeniyar ta ganin dama ce, in shekara ta zo da fari rabon jirage ke fara raguwa. Ina ganin haka ya dace, domin matuƙi na iya jiran baɗi, kifin da ƙwansa ya bushe kuwa an yi asarar haihuwar shekara guda ke nan. Kuma kada a manta, wani ɓangare na ruwan nan daga kwarin kogin Kolorado aka tsallako da shi ta rami.

Kifayen asali na Kolorado sun ƙara wani darasi: su ambaliya suke so. Ɗaya daga cikinsu, mai ƙusumbi a bayan kai, 'ya'yansa ba sa rayuwa sai cikar kogi ta watan Mayu da Yuni ta ɗauke su ta zuba a fadamun gefe, inda ruwa ke da ɗumi ga abinci. Madatsu sun danne wannan cikar. Shi ya sa tun 2012, a kogin Green da ke jihar Utah, masana ke kafa tarkuna masu fitila da dare a bakin ruwa. Ranar da suka ga 'ya'yan kifin a tarko, sai a sanar da masu madatsar Flaming Gorge su ƙara sakin ruwa, ya haura gaɓa ya shiga fadama da 'ya'yan a cikinsa. Masuntan Hadeja da Nguru sun san wannan magana tun kafin a rubuta ta. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba kachalla dama ta toshe hanyoyin ruwa.

Cinikin Shoshone bai warware komai dare ɗaya ba. Jiha ta yi alkawarin dala miliyan 20, hukumar yammacin ta sa miliyan 20, garuruwa da ƙungiyoyin manoma na yankin sun yi karo-karo. Babbar gardamar a kan lissafi take. Doka ba ta yarda a sauya aikin haƙƙi a kuma faɗaɗa shi ba, sai gwargwadon abin da aka saba amfani da shi. Hukumomin ruwan biranen gabas, ciki har da na Denver da Aurora da Colorado Springs, sun ce ba sa adawa da cinikin, amma suna so a ƙidaya lokutan da tashar ta yi a tsaye, domin hakan zai rage adadin. Mutanen yamma na so a yi lissafi da shekarun da take aiki sosai. Alƙalin kotun ruwa ne zai duba tsoffin littattafan awo ya yanke adadin da za a rubuta a sabuwar takardar.